Hular Nasiru

Har gobe ban manta da ranar da Mushe Tiyeri, babban mai horar da yaranmu, ya shigo ɗakin wanki fuskarsa ba annuri. Shekaruna da yawa ina wanke rigunan 'yan wasa a ƙungiyarmu ta Vénissieux a nan Faransa, ban taɓa ganin ya taka wurin ba. Ku da kuka kama aiki bana, ku saurara.

Ƙwallon da muke yi ita ce ta Amurka, wadda ake runguma a ruga da ita. Jami'o'in can sukan aiko masu duba yara. In yaro ya yi musu, tun bai gama lakwal ba, wato makaranta, sai su nemi ya ba su baki cewa wurinsu zai zo, ya yi karatu yana buga musu wasa. Sa hannu sai daga baya, kuma sai da yardar uba. Alamar ba da baki ita ce yaro ya sa hular jami'ar, a ɗauki hoto, a watsa.

To, Nasiru, ɗaya daga cikin yaranmu, ɗan mutanen Damagaram da ke zaune wurin gwaggonsa a unguwar Minguettes, ya sa hula ranar Laraba. Ubansa, Alhaji Isufu, direban tasi ne a Paris. Ranar Juma'a a ƙofar masallaci mutane suka yi ta yi masa barka, shi kuwa bai san da maganar ba. Ya kira Mushe a waya ya ce ba inda yaro zai je.

Mushe Tiyeri ya ce, "Madam Hadiza, ki raka mu wurin uban Nasiru. Yarenku ɗaya."

Muka hau jirgin ƙasa mu uku. Nasiru bai ci komai ba a hanya, sai murza hular yake cikin jaka. Na ce, "Ɗan nema, ka ture ƙarti a fili, yau ga ka kamar kazar da ruwa ya doka." Ya ce, "Kaka, don Allah bari."

A gidan Alhaji, kusa da Porte de la Chapelle, Mushe ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa da ƙyar. Muka gaisa, muka sha shayi. Sannan ya yi bayanin karatu da masauki, ina juyawa da Hausa. Na ƙara da nawa ban haƙurin. Alhaji bai ko dube ni ba.

Can ya ce, "Hajiya, Amurka ba ta dame ni ba. Ni ma barin gida na yi. Tambayata ɗaya ce. Hular nan, wa ya sa masa?"

Nasiru ya ce, "Ni na sa da kaina, Baba."

"Da kanka. Maraya ne kai?"

Na faɗa wa Mushe abin da aka ce. Ya sunkuyar da kai ya ce wa Alhaji, "Ni na ɗauki hoton. Ban yi tunaninka ba, ka yafe ni."

Alhaji ya dubi ɗansa. Sannan ya miƙa hannu. Nasiru ya ba shi hular, ya durƙusa. Na ɗauka ta taga za ta fita. Sai Alhaji ya juya ta, ya karanta abin da ya karanta, ya tofa, ya ɗora ta a kan ɗansa, ya danna da tafinsa.

Ya ce wa Mushe, "Yanzu ɗauki hotonka. Ka tabbata na fito."

Nasiru yana can yanzu, yana aiko mini gaisuwa. Abin da na gane a aikin nan, yaro mai ƙarfi kowa na rububinsa, har a manta yana da masu shi. Tun daga ranar, duk hular da aka aiko daga Amurka, Mushe a hannuna yake ajiye ta. Tana kan kanta, saman injin wanki. Ba ta sauka sai uba ko uwa sun zo da ƙafarsu.