Kask ɗin da Alhaji Tanimu Ya Lalata Saboda Ni

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Alhaji Tanimu ya rasu. Yau da safe ina buɗe shagona a unguwar Djidjolé, nan Lomé, 'yarsa Ramatu, da ke ce mini Tonton wato kawu, ta kira ni, ta ce, "Tonton, Baba ya tafi." Na ce ya tafi ina, Accra? Don kwanan nan ba shi da zance sai na wata tsohuwar na'ura da aka ce masa tana can. Sai na gane. Na zauna a bencin maƙwabcina da kwaɗon shago a hannu.

Ya yi sallar asuba, ya karya, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin a samo mota Allah ya karɓi abinsa. Za a yi jana'iza bayan sallar Juma'a a unguwar Zongo.

Ku da kuke bin wannan shafi saboda hirar kask da tsofaffin na'urorin sauti, kun sha ganin hotunan kayansa ko da ba ku taɓa ganin fuskarsa ba. Wanda bai san mu ba, kask shi ne abin da ake kifawa a kunnuwa a saurari sauti, wanda 'yan'uwanmu na Gana ke ce wa hedfon. Mu biyu mun tsufa a kan wannan hauka, kuma ba mu yi nadama ba.

Akwai abin da ya ce in gaya muku, na ƙi. Yau zan faɗa. Amma ku bari in fara gaya muku wane ne shi.

Gwanjo yake sayarwa a kasuwar Hédzranawoé, kwat-kwat da rigunan sanyi. Wata rana, sama da shekara ashirin ke nan, ya shigo shagona da wani abu kamar sabulun wanka a tafin hannu. A aljihun wata kwat ya tsince shi da ya kwance dila.

Ya ce, "Malam, an ce kai ka yi karatun wuta a ƙasar Turawa. Wannan rediyo ne ko bam ne?"

Minidis ce, 'yar na'urar sauraren kiɗa, da faifanta a ciki. Na goge wajen batir, na sa masa wayoyin a kunne, na danna. Wani ne yake kaɗa piyano. Alhaji ya sandare a tsakiyar shago, baki buɗe, sai ya ƙwala ihu: "Subhanallahi! Mutumin nan a cikin kaina yake zaune!"

Ranar na yi dariyar da na daɗe ban yi ba.

Ni kun san ni. Na dawo da takardun ilimin lantarki, aikin da na nema aka ba 'ya'yan masu kawu a sama, na ƙare da gyaran fanka da dutsen guga. Takardun suna cikin akwati, kyankyasai sun fi kowa karanta su. Ba wanda ya taɓa tambayata abin da na sani sai wannan mai gwanjo da bai taɓa zama a aji ba. Shi ya raɗa mini Furofesa. Da tsokana ya fara, sunan ya bi ni.

Kai, mun tara kaya! Na'urorin CD na farko-farko, masu nauyin ɗan rago. Na'urar DAT, mai ɗan ƙaramin kaset da ke ɗaukar sauti tsaf kamar faifai. Ampli, masu ƙara ƙarfin sauti, iri-iri. Kask kuwa, kabad guda ya sa kafinta ya yi musu, kowanne da maratayinsa, da ƙullin gawayi a kusurwa saboda damshin teku da ke cinye soso.

Kuma yana da doka ɗaya: kayan asali ba a taɓa su. Na taɓa sa wa wata na'urarsa sukurun da ba nata ba, kwana uku bai amsa gaisuwata da fara'a ba. Ya ce, "Wanda ya ƙera ta ya fi ni da kai sanin abin da ya sa." Ku riƙe wannan.

Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, mu ci abinci, mu hau ɗakinsa na sama. Ya naɗa mini rawaninsa a ido, ya kifa mini kask, in faɗi wanne ne kuma me ke damunsa. Sannan ni ma in naɗa masa. Ba a ganin suna, ba a ganin kwali, kunne kawai.

Kaset ɗin gwajinmu shi ya ɗauko shi da kansa, wata safiya a bakin teku a Kodjoviakopé. Igiyar ruwa tana bugawa, masunta suna jan taru suna waƙa da yaren Mina, wani zemijan, ɗan acaba ke nan, ya wuce da babur ɗinsa daga dama zuwa hagu. A tsakiyar duk wannan, wata mai koko ta tsaya daidai gaban makirfo tana talla. Ba mu san sunanta ba, sai muka sa mata Hajiyar Tsakiya. In kask mai kyau ne, muryarta a tsakiyar goshinka za ta tsaya cak.

"Furofesa, ka ji ludayinta ya bugi roba?"

"Wace roba? Kwanon silba ne, Alhaji. Kunnenka ya saba da hayaniyar kasuwa."

"To mai digiri, a ina karen nan ya yi haushi?"

"Bayan masunta, ta hagu, nesa."

Sai ya buga cinya ya yi ta kabbara, kamar ni na ƙera karen. Wallahi mun saurari kaset ɗin nan ya fi a ƙirga, kuma duk sati sai mun tsinci sabon abu a ciki.

To, wajen shekara shida da suka wuce, Hajiyar Tsakiya ta fara matsawa dama.

Na ce kask ɗin ne. Na rubuta a nan cewa wannan ƙirar Japan ɓangaren hagunsa ba ƙarfi. Aka kawo wani, shi ma haka na ce. Na rubuta dogon bayani da kalmomin makaranta, kuka yi ta yabo, kuna cewa ba kunne irin na Furofesa a duk Lomé. Na ji daɗi. Kunnen nan shi ne takardata ta ƙarshe da ba a jefa a akwati ba.

Ana cikin haka wani kask ƙirar Jamus ya iso, wanda Alhaji ya yi shekaru yana farauta. Ta bodar Gana aka shigo da shi, a kwalinsa na asali, har da takardar ciki. A cinya ya rungumo shi a kan zemijan, yana ce wa mai babur ya bi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya kira ni tun daga hanya: "Furofesa, rufe shagon nan! Ango ya iso!"

Ya naɗa mini rawani, ya kifa mini. Ya Allah, sauti! Ruwan teku kamar zai jiƙa mini ƙafa. Amma Hajiya tana dama.

Na ce, "Alhaji, an cuce ka. Hagunsa ya mutu rabi."

Ya karɓa ya sa a kansa. Ya daɗe yana saurare. Ya cire, ya dube ni, ya ce, "Haka ne, Furofesa. Bar mini shi sati guda."

Juma'a ta zagayo, ya kifa mini, sai ga Hajiya a tsakiyar goshina, cak, kamar da. Na miƙe tsaye da rawani a ido ina ihu, "Ta dawo! Alhaji, ta dawo gida!" Na kusa jawo ampli ƙasa. Ya ce ai tsatsa ce kawai a bakin waya, ya goge. Daga ranar ya ce wannan kask ɗin Furofesa ne, ba mai sa shi sai ni. Shi da ya yi shekaru yana mafarkinsa, ban ƙara ganinsa a kansa ba. Na ɗauka karamci ne irin nasa, don mutum ne da in ka yaba hularsa sai ya cire ya ba ka.

Juma'ar da ta wuce ita ce haɗuwarmu ta ƙarshe.

Yana cike da murnar na'urar Accra, yana naɗa mini rawani yana zuba, ya ɗauko kask ɗin ya kifa mini a juye, hagu a dama, dama a hagu. Ya danna kaset. Hajiya ta yi tsalle ta koma can ƙarshen kunnena na dama, kamar za ta fita ta taga.

Duk wanda ya san aikin nan ya san kask mai daidaito ko ka juya shi, abin da ke tsakiya yana nan a tsakiya. Na fizge rawanin, na ce ya ba ni sukudireba. Na buɗe kofin dama. Ga ɗan resistans a maƙale, mai rage ƙarfin sauti, an liƙa shi da dalma, liƙi mummuna kamar kashin awaki. Na san hannun. Ni na koya masa riƙe ƙarfen dalma.

Na ce, "Alhaji, wa ya taɓa wannan?"

"Ni."

"Kai? Kai da ka yi fushi da ni a kan sukuru ɗaya?"

Ya gyara zama, ya ce, "Kask ɗin lafiyarsa ƙalau ya zo, Furofesa. Kunnenka na hagu ne ya gaji. Ban iya gyaran kunne ba, sai na lalata kask ɗin daidai da shi."

Na ce ƙarya ne.

Ya ce, "Shekara nawa rabon da in zauna ta hagunka? Ko a hanya, ko a sahu, ta ina nake tsayawa?"

Gaskiya ne, kullum ta damana yake, ban taɓa lura ba.

Sai ya fara dariya yana ba ni labari. Wai auduga ya cusa a kunnensa na hagu, ya zauna yana canza resistans ɗaya bayan ɗaya, har Hajiya ta dawo tsakiya. "Sati guda ina yawo da auduga a kunne! Uwargida ta ɗauka ciwo nake, har man zaitun ta ɗiga mini!"

Shi yana dariya, ni ina tafasa. Na ce ya mai da ni abin wasa shekara da shekaru. Na faɗi maganganun da ba zan maimaita ba. Na bar shayina na sauko. Ina kan matakala ya leƙo yana cewa, "Furofesa! Ramatu ta san likitan kunne a asibitin da take aiki! Kuma ka gaya wa mutanen shafinka gaskiya, 'yan Japan ɗin nan ba su yi maka laifin komai ba!"

Ban waiga ba.

Ranar Laraba ya turo mini saƙon murya, wai na'urar Accra ta kusa, in shirya kunne. Na saurara, da kunnen dama, ban amsa ba. Amma jiya na yanko dalma mai kyau na sa a aljihu. Niyyata yau in je in gyara masa wannan mummunan liƙin, in ce aƙalla in za a yi ɓarna a yi ta da tsabta. Irin ban haƙurin da na iya ke nan. Dalmar tana aljihuna yanzu haka.

To ga gaskiyar da ya ce in faɗa.

Kunnena na hagu ya daɗe da rauni. Can cikin zuciyata na sani, na ƙi yarda. Duk kask ɗin da na ce hagunsa ba ƙarfi a shekarun nan, lafiyarsa lau. Wanda ya mayar da kayansa saboda maganata, wanda ya yi rigima da mai sayarwa, wanda ya rabu da abin da yake so, ku yafe mini. Ba zan goge rubuce-rubucen ba, zan sa wannan a samansu. Mai kunnen gaske a cikinmu shi ne mai gwanjon Hédzranawoé.

Na yi shekaru ina cewa garin nan ba wanda ya san darajata. Ashe akwai wanda ya buɗe abin da ya fi ƙauna a kabad ɗinsa ya lalata da hannunsa, don kawai in ci gaba da jin mai koko a tsakiya.

Ramatu ta sake kira yanzu. Ta ce ta ga kwalin kask ɗin Jamus a kan tebur, Baba ya rubuta da ajami a jikin murfin: na Furofesa. Ta ce, "Tonton, Litinin zan zo in ɗauke ka mu je wajen likita. Ba na son gardama." Na ce to. Liƙin nan kuwa ba zan taɓa shi ba, haka zai zauna.

Bari in tashi in yi alwala. Ban san wa zai tsaya ta damana a sahu yau ba.

Ya Allah, ka ji ƙan bawanka Tanimu. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Yadda ya rufa mini asiri shekara da shekaru, ka rufa masa nasa ranar da ba mai rufawa sai kai. Ka jiyar da shi sallamar mala'iku, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba uwargidansa da Ramatu da sauran iyali haƙuri, ni kuma ka yafe mini abin da na faɗa a kan matakala.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ka cire abin da ke kunnenka na minti ɗaya, ka karanta masa Fatiha da Ƙulhuwallahu. Ka ambaci sunansa: Alhaji Tanimu.

Amin.