Irin Rama a Lambun Bayan Gida

A shekarun tsuke bakin aljihu, ƙanwata ta aiko mini da irin rama daga gonar mahaifinmu. Ɗana, wanda nake zaune wurinsa a Gorton, wata unguwa can ƙasar waje mai sanyi, ya ce, "Baba, a dakata ƙasa ta yi ɗumi." Na ce a gida saukar ruwa ce izinin shuka, na binne irin duka. Afrilu ya wuce, yayyafi mai sanyi bai tsagaita ba, irin ya ruɓe.

Ni da na sha jan sallar roƙon ruwa, bakina bai iya aibata rahama ba. Sai nakan tsaya bakin taga, ina roƙon Allah Ya karkata ruwan zuwa gonaki. Zuciyata kuwa gona ɗaya take nufi.