Littafin da Kawu Ya Jiƙa da Zamzam

Ko zan manta komai, ba zan manta Hajjin da kawuna ya sauka a gidanmu na unguwar Tandabawi a Makka ba. Lokacin ina digiri na biyu a Indiya, ina bincike kan muhawarar masanansu na dā game da ran mutum. Wasunsu suka ce akwai wani "ni" a cikinmu da ba ya canzawa, wasu suka ce sam babu shi. Malamina dattijo ne mai rowar littafi, amma ya ara mini wani tsoho, rubutun Indiyawa, gefensa cike da bayanai na hannu, in zo da shi hutu.

A Makka in ɗan'uwa ya zo Hajji, ɗakinka kake bar masa. Na bar wa Kawu nawa, na wuce Mina aikin yi wa alhazai jagora. Da na dawo sai na tarar da littafin cikin roba, ya sha ruwa ya kumbura, tawadar gefen duk ta narke.

"Rubutun tsafi na gani, yaro," in ji Kawu, ko a jikinsa. "Wanga abu kusa da Ɗakin Allah? Na wanke maka shi da zamzam."

Wallahi har idona ya rufe don takaici. Na ce, "Kawu, ka iya karanta shi ne? Me ya hana ka tambaye ni?"

Mahaifiyata ta tari numfashina. "Aib, ya waladi, abin kunya ne, ɗana! Baƙon Allah ne. Halas, ya isa haka, ba shi haƙuri."

Ni aka yi wa ɓarna, ni kuma na durƙusa. Har albarka ya sa mini, wai ya yafe! Yau ma in na tuna sai na ji zuciyata na tafasa.

Da na koma Indiya, malam ya daɗe yana ƙoƙarin raba shafukan da suka manne. Can ya ce, "Rubutun gefen nan na mahaifina ne." Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya duba aikina har na gama, amma bai sake ba ni aron ko da takarda ba.

Daga nan na gane cewa wanda ya cuce ka da sunan taimako ba zai taɓa ba ka haƙuri ba. Godiya ma yake jira.