Tanki Ɗaya Daga Legas Zuwa Garki

Baba Albert ba ya tuƙi da takalmi. Idan ya shiga mota sai ya tuɓe na ƙafar dama, ya tura shi ƙarƙashin kujera, sannan ya tayar da inji. Ya ce takalmi ba ya jin abin da totur ke faɗa.

A Legas na san shi, a ƙarshen 1991, lokacin da gwamnati ke tattara komatsanta za ta koma Abuja. Ni, Manniru, akawu ne a sashen sufuri na ma'aikatarmu. Motoci goma sha bakwai ne a hannuna da direbobi ashirin da biyu, kuma na san litar da kowace mota ke sha. Direbobi tara kaɗai za a tafi da su a kashin farko, kuma babu sunan Baba Albert. An ce ya tsufa, ba ya gudu.

Mutumin Karshi ne, kusa da Abuja. Shekararsa ashirin da uku a Legas, shi da matarsa Helen a ɗaki ɗaya. Mahaifiyarsa na gida, idanunta sun tafi, kuma sau ɗaya yake ganinta a shekara, da Kirsimeti. Ga aiki zai koma bakin ƙofar gidansu, shi kuma za a bar shi a Legas.

Daraktanmu, Alhaji Nababa, yana da baƙar Marsandi mai kujerun fata, wadda tankinta ke cin lita saba'in. Wata safiya ina karanta masa cewa a tafiyarta ta baya zuwa Abuja ta sha lita casa'in da huɗu, sai Baba Albert, da ke goge gilashi, ya sa baki.

"Ranka ya daɗe, tanki ɗaya zai kai shi."

"Kai ta ina?"

"Garki, Oga. Har ƙofar ofis."

Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. "To, ni jirgi zan hau. Ka kai ta da tanki ɗaya, kai da ita kun zauna a Abuja. In ta mutu a hanya, ka hau motar haya ka dawo. Manniru, ka bi shi ka zama shaida."

Aka cika tanki a gabana. Na liƙe murfin da salatif, na buga hatimin ofis a kai, na jefa hatimin a aljihu. Daga nan na tafka wautata. Na ga but ɗin motar wayam, na ce ai asara ce, na sa aka loda kwali takwas na fayiloli. Baba Albert ya dubi yadda bayan motar ya zauna, ya dube ni.

"Malam Akawu, takarda ma yana shan mai fa."

"Haba Baba, takarda ce kawai."

Ya shiga motar. Ya kai ta wajen mai faci aka ƙara wa tayoyin baya iska.

Muka tashi ƙarfe shida saura kwata na safe. Kilomita ɗari bakwai da hamsin da biyu ne a gabanmu. Ya kashe na'urar sanyi, ya sauke gilashi kamar faɗin yatsu biyu, ya ɗora allurar gudu a kan casa'in, ta zauna kamar an kafe ta da ƙusa. Kafin Ibadan motoci arba'in da ɗaya suka wuce mu. Wani direban tirela ma ya leƙo ya yi mana ihu, wai ko gawa muka ɗauko.

Abin da na lura shi ne ba ya taka birki. Tun daga nesa yake hango rami ko shingen 'yan sanda, sai ya ɗaga ƙafa ya bar motar ta sulale da kanta. Daga Akure zuwa Okene sau goma sha ɗaya kacal ya taɓa birki.

"Duk birkin da ka taka, man da ka riga ka ƙona ne ka zubar," in ji shi.

A Lokoja muka tsaya na yi azahar da la'asar. Mun ci kilomita ɗari biyar da arba'in da biyar, allurar mai tana kan kwata. Na yi lissafi sau uku a bayan ambulan. Muna bukatar lita ashirin, muna da goma sha bakwai da rabi. Gumi ya keto min, don na san kwalayena ne suka cinye bambancin. Ga masu sayar da mai a galan a bakin titi.

"Baba, hatimin yana aljihuna. Mu zuba lita biyar in sake liƙewa. Laifina ne, kuma ba wanda zai sani."

Ya gama ɓare ayabarsa tukuna.

"Kai za ka sani. Gobe wani direba ya ce maka mai ya ƙare, da wane baki za ka tambaye shi? Shiga mu tafi, Akawu. Allura ɗin nan matsoraci ne, tun da sauran mai yake fara kuka."

Ya sauko zuwa tamanin. Muka haye gadar Neja, muka wuce Koton Karfe. Bayan Abaji fitilar gargaɗi ta kama, ruwan ɗorawa, ni kuma na daina ƙirga komai sai duwatsun kilomita. Shi ko a jikinsa. Yana nuna min kunyoyin doya a gonaki, yana faɗin wadda aka yi da kyau da wadda rago ya yi.

A Gwagwalada na ce, "Baba, don Allah."

Ya ce, "Rufe baki, kana ƙara nauyi."

Abujar lokacin ba irin ta yau ba ce. Titi sabo fil, faɗi kamar filin ƙwallo, sai ka yi minti biyar ba ka gamu da mota ba. Ba danja, ba cunkoso, ba abin da zai sa mutum ya taka birki. Da yau ne, da tun a Giri mun tura ta. Ƙarfe biyar da minti arba'in muka shiga sakatariyar Eriya Wan da ke Garki, injin na aiki lafiya lau. Ya kashe shi, ya lalubo takalminsa ya sa.

Washegari Alhaji da kansa ya ɓare salatif ɗin a gidan mai. Tanki ya ci lita sittin da tara. Ya leƙa but ya ga kwalaye, ya juyo ya kalle ni.

"Waɗannan fa?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To a cikin ku biyu, kai ya kamata a mayar Legas."

Aka ba Baba Albert ɗaki biyu a Nyanya, Helen ta biyo shi a watan Janairu. Kowace Asabar yana hawa motar Karshi. Sau ɗaya Alhaji ya ba shi Marsandin ya je da ita, na raka shi. Tsohuwar ta fito da sanda, ta shafa motar daga fitila har but, sannan ta shafa fuskarsa ta yi magana da yarensu. Ya ce min cewa ta yi motar ta fi shi ƙiba.

Tsohuwar ta ƙara shekara biyu da wata huɗu a duniya. Na taɓa ƙirga masa Asabar ɗin, ɗari da ashirin da ɗaya. Ya ce in cire uku, ya yi zazzaɓi.