Baba Mai Tawada da Farin Layin Ginshiƙin Gada

Kowace safiya, kafin ya ce wa kowa sannu, Baba Mai Tawada yakan fito farfajiyar kamfanin rungume da wani akwati kamar mai riƙe da jinjiri. Akwatin kyamara ne, irin wanda ruwa ba ya shiga. Gabansa gilashi ne mai tudu kamar an kifa ƙoƙo, su ma a wurin aikin ƙoƙo suke ce masa. Sai ya juya shi ya fuskanci rana, ya karkata dama, ya karkata hagu, ya danna, ya duba allon baya, ya tsuke baki. Baƙo in ya shigo sai ya ɗauka tsohon nan rana yake wa hoto. Shi kuwa yana farautar abin da bai kamata ya fito a hoton ba ne.

Kamfanin ƙarami ne. Masu nutso ne ke sauka ƙarƙashin ruwa su ɗauko hoton ƙafafun gada, bangon madatsar ruwa, da gindin jirage, injiniyoyi su duba su ce wannan lafiya, wancan a gyara. A cikin ruwa ba a gani da nisa, don haka sai an matsa dab da ginshiƙi da kyamara mai faɗin gani kafin a kama shi daga sama har ƙasa. To, faɗin ganin nan shi ne fitinarta: tana ganin abin da aka aike ta, tana kuma ganin kanta. Haske ya shigo ta ƙoƙo, ya sauka a kan farin rubutun da ke kewaye da idon kyamarar, ya koma ya bugi gilashin ta ciki. Sai ka ga lambobi a juye suna shawagi a tsakiyar hoto kamar an aiko su.

Aikin Baba ke nan tun gashinsa yana baƙi: ya kashe duk wani abu mai ƙyalli a cikin akwatin. Alƙalamin tawada baƙa ba ya barin aljihunsa, daga nan sunan ya samo asali. Rubutun idon kyamara ya shafe shi. Kan ƙusa in yana sheƙi ya rufe shi da baƙin tef wanda ba ya ƙyalli. Cikin wuyan ƙoƙo ya shimfiɗa masa baƙin karammiski. Fitilun ɗaukar hoto kuwa yakan ja su baya kamar kunnuwa, don kada haskensu ya taɓa gilashin. Direban jirgin kamfanin yakan gargaɗi sababbin ma'aikata: “Kada ku yi dariya kusa da Baba. Rannan na kama shi yana kallon haƙorana, hannunsa a aljihu.”

Abin da ya fi ba mutane mamaki, Baba bai iya iyo ba. Duk shekarun nan bai taɓa sa kansa a ruwan da ya wuce na bokiti ba. Amma ba wanda ya kai shi son jin labarin ƙasan ruwa. Mai ɗaukar hoton kamfanin, wata mace da suke kira 'Yar Nutso, in ta fito ko tawul ba ta gama yafawa ba zai tare ta da tambaya. Ta ina rana ta shigo? Ruwan kore ne yau ko ruwan ƙasa? Kifayen sun gudu ko sun tsaya kallo? Ita kuma ta ce, “Baba, bari in yi numfashi tukuna,” ya ce, “Yi mana, 'yata, amma ki yi kina magana.”

Bara aka ba su aikin tsohuwar gadar da ke ƙasan madatsar ruwa, wadda motocin makaranta da manyan motocin kaya ke bi kullum. Ruwan wurin ba ya kwanciya sai an rufe ƙofofin madatsar, kuma ba a rufe su sai da dalili. Aka rufe wata safiya, 'Yar Nutso ta sauka ta ɗauko hotuna. Da aka buɗe su a ofis, sai ga wani farin layi mai lanƙwasa ya ratsa ginshiƙin tsakiya, a duk hoton da ta ɗauka tana kallon sama.

Injiniyan ya daɗe yana kallon allon. Ya ce, “Baba, ƙyalli ne wannan, na sani. Amma ya kwanta daidai inda nake son gani. In akwai tsaga a bayansa, ban gan ta ba. In babu, nan ma ban gani ba. Ba zan ce wa mutane gadar lafiya take ba, kuma ba zan ce a rufe ta ba.” Masu madatsar suka ce za su sake rufe ƙofofi sau ɗaya kafin damina. In ruwan sama ya fara, kogin ya zama kunun laka sai wata shekara, motoci kuma su ci gaba da bi ta kan abin da ba wanda ya san halinsa.

Baba bai ji haushi ba, abin ya ɗaure masa kai ne, kuma shi in abu ya ɗaure masa kai har wani annuri yake yi. Ya warware akwatin gaba ɗaya. Ya haska kowane lungu da tocila. Ya fita rana ya karkata, ya danna, ya duba: hoto tas, ba layi. Ya cika babban durom da ruwa ya tsoma akwatin, nan ma tas. Matarsa, wadda tela ce, ta ce a kwanakin nan ko abinci ta ajiye masa sai ya ɗaga cokali yana juya shi a hasken taga. Ta ce masa, “Malam, ka ci abincin, cokalin nan ba ya cikin hoton.”

Ana saura kwana kaɗan a sake rufe ƙofofin ya daina tambayar akwatin, ya koma tambayar mutum. Ya ce, “'Yata, kin faɗa mini yadda kike ɗauka. Ba ki taɓa faɗa mini yadda kike sauka ba.”

“Da kai nake sauka, Baba. Kai ƙasa, ƙafafu sama, kyamara a gabana.”

“Ƙoƙon yana kallon ƙasa ke nan?”

“Ƙasa mana. Sai na isa gindin ginshiƙi nake juyowa.”

“In kin fito fa?”

“In miƙa wa direba, ƙoƙo a sama, kamar yadda ka koya mana don kada ya karce.”

Waɗanda ke wurin sun ce ba za su manta abin da ya biyo baya ba. Tsoho mai ciwon baya ya kwanta ruf da ciki a kan teburin aiki, ya zuro kai da hannuwa ƙasa riƙe da akwatin, ya ce kowa ya yi shiru. Direba har ya fara dariya. Sai aka ji wani ɗan sauti, sur, kamar an zuba yashi a takarda.

Ɗan farin ƙullin nan ne mai shanye damshi, irin wanda ake samu a kwalin sabon takalmi. Baba da kansa yake sa shi a ƙarƙashin kyamara don kada gilashi ya yi gumi. Akwatin nan kuwa sabo ne, ba a daɗe da sayo shi ba, kuma cikinsa yana da ɗan wuri fiye da tsohon. In ta sauka da kai, ƙullin ya zame ya maƙale a wuyan ƙoƙo, rana ta same shi, ya zana farin layi. In ta miƙa akwatin ƙoƙo a sama aka dire shi a jirgi, sai ƙullin ya koma mazauninsa ya kwanta kamar bai san zancen ba. Baba ya zaro shi ya ɗaga sama, yana dariya har da hawaye. Ya ce, “Ashe kai ne! Ni na kawo ka, ni nake neman ka.”

Matarsa ta ɗinka wa ƙullin 'yar baƙar jaka daga ragowar yadi, tana mita cewa ba ta taɓa ɗinka wa ƙaramin kwastoma irin wannan ba. Baba ya manne jakar inda ba za ta motsa ba. Ranar da aka sake rufe ƙofofi yana bakin ruwa a tsugune, bai iya zama ba, bai iya tsayuwa ba. Hotunan suka fito ba layi. A daidai wurin da farin ya rufe, sai ga wata siririyar tsaga baƙa ta haura ginshiƙin. Aka hana manyan motoci bi, aka gyara gadar kafin kogi ya cika.

Kai ne, Baba, mai aikin da in ya yi kyau ba a ganin sa. Kai ne wanda bai taɓa nutso ba amma masu nutso suke gani da idonsa. Yaran da ke ƙetare gadar nan da safe suna waƙa a bayan mota ba su san da kai ba, kuma ka ce haka ya kamata.

A watan nan Baba ya ajiye aiki, idanun sun fara gajiya. Ranar sallama 'Yar Nutso ta miƙa masa hoto a firam. Wata safiya ce yana leƙa ƙoƙo a farfajiya ta danna bai sani ba. Kyamara mai faɗin gani ba ta da kunya: hancinsa ya cika rabin hoton, ido ɗaya a tsuke, alƙalamin tawada na leƙowa daga aljihu. Ya kalla, ya kalla, ya ce, “'Yata, wannan ai na gogewa ne. Akwai abin da bai kamata ya fito ba.”

Ta ce, “Shi kaɗai ne ba za mu gyara ba, Baba.”

Baba ya sake kallon hoton. Ya sa hannun rigarsa ya goge gilashin firam ɗin, ya karkata shi kaɗan daga hasken taga.

Mun gode, Baba Mai Tawada. Allah ya ƙara lafiya, ya sa hutun nan ya karɓe ka. Mu kuma, in abu ya ƙi fitowa daidai a hannunmu, mu yi irin naka: mu tambayi wanda ya shiga ruwan yadda ya sauka, in ta kama mu kwanta a kan teburi ana dariya, mu kwanta mu saurara.