Ƙullin Baba da Wuƙar Araha

Ni mutum ne da ba na iya wuce masu baza kayan araha a kasuwar Batsari. Da na ji mai lasifika yana cewa "Zaɓi wanda ka so, duk kuɗinsu ɗaya," sai ƙafata ta tsaya da kanta. Ba tocila nake nema ba, ba mataji ba. Abin da ke ɗauke mini hankali shi ne 'yan wuƙaƙen nan na aljihu masu baki da yawa: ka buɗe nan ka ga almakashi, ka buɗe can ka ga zarto, ga basilla, ga sukudireba, wata ma har da filaya. Na tara goma sha huɗu a cikin gwangwanin madara, kuma kowace na san rumfar da na same ta.

Yayana, wanda nake bi, ba ya gajiya da yi mini dariya. "Malam makanike," in ji shi, "araha fa ba ta ado. Wannan zarton ko karan dawa ba zai yanka ba." Gaskiya ya faɗa, don wasu da ka matsa musu sai su lanƙwashe. Amma da su na gyara rediyonsa, da su na ɗaure mariƙin butar masallaci, bai taɓa cewa sannu ba.

Baki guda ne a cikinsu na kasa gane amfaninsa. A jikin wata jar wuƙa akwai wani siririn ƙarfe murɗaɗɗe kamar yaɗon kabewa, mai tsini a ƙarshe. Na tambayi mai kayan amfaninsa, ya ce shi ma haka ya gan shi. Yaya kuwa ya sa masa suna ƙarfen banza. Duk da haka ita nake sawa a aljihu, saboda wuƙarta ta fi kaifi.

Shekarar da zaman ƙauyenmu na gefen Runka ya gagara saboda 'yan bindiga, muka yanke shawarar mayar da Inna Batsari, inda nake koyarwa. Muka samo a-kori-kura, muka loda buhunan gero, gado, tukwane da awaki biyu. Direban ya gaya mana tun farko cewa shi ba ya bin hanyar nan bayan la'asar, ko da wa ya zo.

An gama ɗaure kaya, sai aka nemi Inna aka rasa. Na same ta a bayan gida, tsaye a gindin darbejiya, ta dafa igiyar ƙiri da ke ɗaure a jikin itacen. Marigayi Baba ne ya tufka ta da fatar sanmu na noma na farko, shi ne kuma ya ƙulla ta a nan yana ɗaure shanu. Shanun sun daɗe da tafiya, Baba ma ya riga mu gidan gaskiya, amma ƙullin yana nan. Ruwa ya doke shi, rana ta gasa shi, har ya zama kamar dutse.

"Auta," ta ce mini, "ba na barin ta."

Yaya ya iso da adda a hannu. "Inna, matsa in sare ta mu tafi, rana tana yi."

"Kul! Hannun mahaifinku ne ya ƙulla. Ba za a sa mata kaifi ina kallo ba. In ba za ta kwantu ba, ku tafi, ni ina nan."

Ta zauna a kan saiwar itacen ta gyara mayafi. Duk wanda ya san Inna ya san ba barazana take yi ba. Direba ya fara danna oda. Yaya ya gwada da farce, ya gwada da haƙori, ya tashi yana tofar da yawu. Tsoro ya kama ni sosai, don na san ko dai mu bar tsohuwa ita kaɗai a kango, ko mu rasa motar.

Na zaro 'yar jar wuƙata. Basilla na fara sawa, ta zame ta kusa huda mini yatsa. Sai idona ya faɗa kan ƙarfen banza. Na ce a kawo man gyaɗa, na ɗiga a ƙullin, na sa tsinin a tsakanin fata da fata, na shiga murzawa a hankali. Ƙarfen ya dinga kutsawa ciki ba tare da ya yanki komai ba. Da ya shige sosai na ja. Shiru. Na sake sa shi ta wani gefen, na ja, sai na ji ƙullin ya ɗan saki. A karo na huɗu ya buɗe baki, na sa yatsa na zare igiyar lafiya lau.

Yaya ya tsaya da addarsa yana kallona. "To, ashe yana da rana," ya ce. A wurinsa wannan kirari ne, kuma na karɓa. Na yi karatu, na karɓi takardu, amma ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na wannan yammacin ba.

Inna ta naɗe igiyar ta ɗora a cinya, haka ta riƙe ta har muka shiga Batsari ana kiran sallah.

Yanzu igiyar tana rataye a ƙusa a ɗakinta. Inda ƙullin yake har yau a lanƙwashe yake, ya ƙi miƙewa. Gwangwanina kuma saura goma sha uku, don washegari ta aiko a karɓi jar wuƙar. Na je na ce, "Inna, me za ki yi da ita?"

Ta tura ta ƙarƙashin matashi. "Ranar da muka koma gida, kai za ka ɗaure igiyar a inda take," ta ce. "Wannan wuƙa kuma a ajiye wa wanda zai kwance ƙullin naka."