Rautar da Ba Ta Ciwo a Gaban Baƙo

Gidaje da yawa na shiga da sunan gyara, amma ban taɓa mantawa da ranar da na wuni a gidan Malam Tanimu a Makarfi ba. Ku da kuka fara aiki da mu bana, ku saurara da kyau, domin abin da ya kusa raba ni da aikin nan ba ya cikin littattafan da aka raba muku.

Lokacin ina wata na biyar cikin wata shida na gwaji. Ƙa'idar kamfaninmu na intanet har yau ba ta canja ba. Idan mai gida ya kawo ƙorafi, a buɗe masa takarda, a tura ma'aikaci ya gyara, mai gidan ya sa hannu, a rufe. Takardar da aka sake buɗewa sau uku a kan matsala ɗaya kuwa, teburin shugaban sashe take hawa, kuma in ma'aikacin ɗan gwaji ne, yawanci daga nan sai sallama. Ni ga shi an riga an sa mini ranar aure, surukaina har sun fara kirana Injiniya.

Malam Tanimu tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya. Ya yi fama da shanyewar hannu, likita ya ce ya riƙa motsa yatsunsa. Sai ɗansa na Kaduna ya ajiye kwamfuta a wani ɗaki na tsakar gida, ya sa mata wasan ƙwallon ƙafa, ya haɗa ta yadda hoton zai riƙa fitowa a talabijin ɗin falo ba tare da an ja waya ba. Abin da ke ɗauko hoton daga can zuwa nan shi ne rauta, ɗan akwatin nan namu mai raba intanet a gida. Kullum bayan la'asar amininsa Malam Iro, tsohon direba, yake zuwa su kara.

Ƙorafin Malam ɗaya ne. Ya ce, “Ɗan nan, ina latsawa sai ɗan wasan ya tsaya yana tunani. Kafin ya yanke shawarar bugawa, Iro ya zura mini ƙwallo.”

Zuwana na farko na yi sallama a zaure, aka kawo mini ruwa, na zauna kusan minti goma sha biyar kafin a ce in shigo. Ban ga komai a ciki ba, haka ake yi wa baƙo namiji a kowane gida har mata su kimtsa. Na tarar da rauta a kan tebur, an shimfiɗa mata farin ƙyalle, sai sheƙi take yi. Na auna ƙarfinta daga falo, na auna daga ɗakin kwamfuta, komai lafiya lau. Muka kunna wasa, 'yan wasa na gudu ba ko tuntuɓe. Na kashe ta na kunna don kada a ce ban yi komai ba, Malam ya sa hannu. Washegari ya bugo waya ofis.

Zuwa na biyu na canja rautar gaba ɗaya. Zuwa na uku na ɗora wa maƙwabta laifi, na ce satar intanet ɗin suke yi, na sauya lambar sirri. Allah ya yafe mini, bayin Allah ba su san ma ana yi ba. Duk zuwan da na yi, in dai ina zaune, abu sumul. Malam har ya gano dalili da kansa.

Ya ce, “Tsoronka take ji. Ka roƙi ogan naku ya bar ka ka riƙa zuwa kullum da la'asar, ka zauna kawai. Za a ba ka fura.”

Da takardar ta sake buɗuwa karo na uku, shugaban sashenmu, Oga Sabi'u, ya kira ni. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, abin da ya sa muka fi tsoronsa ke nan. Ya ce, “Nuhu, sau uku kana rubuta an gyara. Ko kai ne ba ka san gyara ba, ko dattijon nan ne maƙaryaci. Wanne zan rubuta?” Bai jira amsata ba. Ya ce, “Gobe ka je. Kada ka dawo sai da ciwon a hannunka, in ba haka ba ka dawo da makullin babur ɗinmu.”

Washegari na isa da hantsi. Zaure, ruwa, jira, sannan falo. Rauta na kan farin ƙyallenta tana ƙyafta mini fitila. Na zauna ina roƙon Allah ya lalata ta, ta ƙi. Da aka kira azahar na rataya jakata, don ba ma barin kayan aiki a gidan mutane, na goya Malam a babur zuwa masallaci saboda ciwon ya taɓa ƙafarsa ma. Da muka dawo, tun da tare nake da mai gida, gyaran murya kawai ya yi muka wuce falo.

Ya kunna wasa. Ya latsa. Ɗan wasan ya ƙame da ƙafa ɗaya a sama, hoton ya dagargaje, sai can ya farfaɗo a wani gefen fili. Wallahi ban taɓa murnar ganin abu ya lalace ba kamar ranar.

Malam ya yi ihu, “Ka gani ko? Ka gani da idonka!”

Na juya in duba rauta. Tebur wayam.

Na ce, “Baba, ina rautar?”

Ya ce, “Ni ina ruwana da tebur? Talabijin nake kallo.”

Na bi wayar wutarta daga bango. Ta zagaya bayan kujera, ta shige kabad ɗin da aka jera kwanuka, ta hau ta shige ƙarƙashin murfin wata ƙatuwar fanteka ta ƙarfe. Na ɗaga murfin. Ga baiwar Allah a kwance, an naɗe ta da ɗankwali, ta yi zafi zau. In kun manta darasinku, ƙarfe ba ya barin saƙon rauta ya fita. Ɗan abin da ke tsiyayowa ta gefen murfin nan shi Malam yake wasa da shi wata da watanni.

Matarsa, Hajiya Ladi, ta yi magana daga bakin ƙofa. “Au, ashe ba ka tafi ba? Na ga ba jaka ba babur, shi ya sa na mayar da ita. Bari in fito maka da ita.”

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, “Mama, kullum a nan take zama?”

Ta ce, “To a ina za ta zauna? Mutumin Kaduna da zai tafi cewa ya yi in kula da ita. Ga ƙura, ga ɓeraye, ga jikoki. Abu mai daraja ai ba a barin sa a fili.”

“To in na zo fa?”

“Kai da ka zo takanas don ka gan ta, sai in bar ka kana laluben kwanukana? Kana zaure nake fito da ita in goge.”

Na rasa ta inda zan ce ta yi laifi, domin a gaskiya ban taɓa ganin rautar da aka riƙe da amana irin wannan ba. Na dai yi mata bayani cewa ita wannan aba iska take so, kuma ba ta shiri da ƙarfe. Ta ce ita fa ba za ta bar ta tsirara ba. Muka yi ta ja har muka daidaita: na kafa mata katako can sama a bango inda hannun yaro ba ya kaiwa, ita kuma ta kifa mata ɗan kwandon kaba mai ƙofofi.

Bayan la'asar Malam Iro ya zo. Hoto tar, latsawa da bugawa lokaci guda. Malam Tanimu ya gyara zama ya ce yau za a san maza. Aka ci shi biyar ba ko ɗaya. Sai a lokacin ya tuna cewa tsaitsayawar nan su biyu take kamawa, ba shi kaɗai ba.

Ya raka ni zaure ya sa hannu a takarda, ya ce, “Kada sunan Hajiya ya shiga ciki.” Na ce ba zai shiga ba. Ya waiga, ya rage murya. “In mutum ya ɗan mayar da ita cikin fantekar nan, da la'asar kawai, lalacewa za ta yi?”

A takarda na rubuta cewa an sauya wa na'ura mazauni. Oga Sabi'u ya ce wannan ba bayani ba ne, sai na ba shi labarin da baki. Ranar na fara ganin haƙoransa. Ƙarshen wata na shida aka tabbatar da ni a aiki.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba sa nuna wa baƙo gida yadda suke zaune a cikinsa. Kafin ka shigo an share, an jera, an fito da na fitarwa, kai kuma ka auna wannan ka rubuta lafiya lau. Sau uku ina yi wa mai gida da na'ura tambayoyi, mai amsar tana bayan labule, ban taɓa tambayar ta ba. Don haka in kun shiga gida, kafin ku buɗe jaka, ku gaida matar gidan, ku tambaye ta inda abin nan yake zama in babu baƙo.